Babi na Huɗu: Titin da Ba a Rufe Ba

Wanda ya saba da Abuja, inda tun daga nesa shingaye da sojoji ke sanar da mutum ya kusa fadar shugaban ƙasa, zai yi mamakin yadda unguwar gwamnati ta birnin Oslo take kafin shekarar 2011. Babu katanga, babu ƙofar ƙarfe. Ofishin firaministan Norwe yana can saman wani dogon bene mai hawa 17 da aka gama ginawa a 1958, wanda mutanen gari ke kira Høyblokka, ma'aikatar shari'a da 'yan sanda kuma tana ƙasansa a cikin ginin. Kewaye da shi ga ma'aikatar kuɗi, ga ta man fetur da makamashi, ga ta ilimi, ga kotun ƙoli 'yan taku kaɗan. Ta gefen benen wani siririn titi ya ratsa, sunansa Grubbegata, kuma kowa na bin sa: masu keke, 'yan tasi, motocin kai kaya. Mutum na iya tuƙo motarsa har bakin ƙofar shiga ba wanda zai ce masa daga ina, sai ina.

'Yan Norwe suna alfahari da hakan. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 5 a lokacin, mai arzikin mai, a babban birninta ake miƙa lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, kuma ganin minista a kan keke ko cikin bas ba ya sa kowa ya waiga. Sai dai masana tsaronta ba barci suke ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, gwamnati ta sa hukumar 'yan sanda ta duba raunin gine-ginenta, kuma a 2004 hukumar ta kawo shawarwari, ciki har da wata da ba ta da harshen damo: a rufe Grubbegata, domin wata rana wani zai iya cika mota da bam ya ajiye ta a gindin benen firaminista.

An karɓi shawarar. Daga nan takarda ta fara yawo. Ta je ma'aikatar da ke kula da harkokin mulki, ta je hukumar gine-ginen gwamnati, ta je ofishin tsara birni, ta je majalisar birnin Oslo. Wasu suka ce rufe titin zai haddasa cunkoso, wasu suka ce bai dace gwamnatin jama'a ta killace kanta ba. Kowane ofishi ya ɗauka wani ofishin ne ke tura maganar gaba. Sai a 2010 majalisar birni ta sa hannu, aka fara aiki a hankali, da niyyar gamawa kafin 2011 ta ƙare. Shekara bakwai ke nan tsakanin gane haɗari da toshe shi.

Ranar Juma'a 22 ga Yuli 2011, jim kaɗan bayan ƙarfe 3:15 na yamma, wata farar mota ƙirar Volkswagen Crafter, ta haya, ta shigo Grubbegata ta tsaya daf da ƙofar Høyblokka. Wani mutum sanye da kayan 'yan sanda, da hular kwano, da ƙaramar bindiga a hannu, ya fito ya yi tafiyarsa a ƙafa. Masu gadi sun ga motar a kyamarar tsaro, amma motar kaya da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba a wurin ba sabon abu ba ne. Da ƙarfe 3:25 bam mai nauyin kimanin kilo 950 ya tashi.

An ji ƙarar a nisan kilomita da yawa. Gilasan tagogi suka zube a tsakiyar birnin, har na ofishin jaridar VG da ke kusa, wuta ta kama a ginin ma'aikatar man fetur, takardun ofis suka cika titi. Mutum 8 suka mutu, wasu ma'aikata ne, wasu masu wucewa ne kawai, sama da 200 suka ji rauni. Da a ce wata safiyar Talata ce a watan Maris, da adadin ya ninka sau da yawa. Yuli shi ne watan da yawancin 'yan Norwe ke tafiya hutun shekara, ga shi yammacin Juma'a ne, mutane da dama sun riga sun tashi. Firaminista Jens Stoltenberg ma yana gidan gwamnati, yana shirya jawabin da zai yi washegari ga matasan jam'iyyarsa ta Leba a wani tsibiri mai suna Utøya.

Abin da ya faru a sa'o'in da suka biyo baya ya kamata mai karatu Musulmi ya san shi dalla-dalla, domin ya shafe shi ko bai taɓa taka Turai ba. Kafin a san ko waye, duniya ta riga ta yanke hukunci. Masu sharhi a gidajen talabijin suka jera dalilai: Norwe na da sojoji a Afganistan, jiragen yaƙinta na cikin masu ruwan bama-bamai a Libiya, kuma kwanaki kaɗan kafin nan an tuhumi wani malami Bakurde, Mullah Krekar, da yin barazana. Aka yaɗa labarin cewa wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi da ba wanda ya san ta ta ɗauki alhaki. Jaridar The Sun ta Ingila ta buga shafinta na farko tana kiran abin kisan kiyashin Alƙa'ida. A titunan Oslo kuwa an zagi mutane masu kama da baƙi, an tsangwami mata masu hijabi, iyalai da yawa suka kulle ƙofa suna addu'ar kada a ce ɗan cikinsu ne.

Da dare ya yi nisa sai ministan shari'a Knut Storberget ya sanar cewa wanda aka kama ɗan Norwe ne. Sunansa Anders Behring Breivik, shekararsa 32, fari ne mai farin gashi, wanda ya tashi a unguwannin masu hali na yammacin Oslo. Musulmi su ne waɗanda ya ƙi jini. Kimanin sa'a ɗaya da rabi kafin fashewar ya aika wa adireshin imel sama da 1,000 wani kundi mai shafi kusan 1,500, ya sa masa lambar 2083 a take, wato cikar shekara 400 da yaƙin Viyana na 1683, inda aka kori rundunar Daular Usmaniyya daga ƙofar birnin. Mafi yawan kundin kwafe ne daga rubuce-rubucen wasu masu ƙyamar Musulunci a intanet. Jigonsa ɗaya ne: Musulmi na mamaye Turai, 'yan siyasar da suka buɗe musu ƙofa maciya amana ne, kuma hukuncinsu kisa. A Norwe, a ganinsa, jam'iyyar Leba ce babbar mai laifi. Shi ya sa bai nufi masallaci ba. Ya nufi ofishin gwamnati, daga nan ya nufi 'ya'yan jam'iyyar da ke riƙe da ita.

Ya ɗauki lokaci yana shiri, kuma ya yi shi ne ta hanyoyin da doka ta halatta. A 2009 ya yi rajistar kamfanin noma mai suna Breivik Geofarm. A farkon 2011 ya karɓi hayar gona a Åsta, can arewacin Oslo, inda a watan Mayu ya sayi tan 6 na takin zamani ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, tunda manomi ne a takarda. Bindigoginsa ma da lasisi ya mallake su. Sau ɗaya sunansa ya faɗa hannun hukuma: jami'an kwastan sun sa shi cikin jerin mutanen da suka yi ciniki da wani kamfanin sayar da sinadarai a Poland, suka miƙa jerin ga hukumar leƙen asirin cikin gida, PST. Kuɗin da ya kashe a cinikin ba su taka kara sun karya ba, kuma ba a bi sawu ba. Idon hukumar a shekarun nan yana kan masu iƙirarin jihadi.

Akwai wata takardar ta biyu, ƙarama ƙwarai, wadda labarinta ya fi na Grubbegata ciwo.

Wani mai wucewa ya ga ɗan sandan nan yana tafiya da bindiga a zare. Abin ya ba shi mamaki, domin 'yan sandan Norwe a lokacin ba sa yawo da bindiga a jiki. Ya ga mutumin ya shiga wata motar farar hula ƙirar Fiat Doblò, ya bi titi mai hannu ɗaya ta inda aka hana. Sai ya rubuta lambar motar a wayarsa. Minti goma bayan fashewar ya kira 'yan sanda ya ba su lambar da kamannin mutumin. Wadda ta ɗauki kiran ta gane muhimmancinsa, ta rubuta a 'yar takarda ruwan ɗorawa, ta kai teburin shugabar aiki, wadda kira ya yi wa yawa. Takardar ta yi kimanin minti 20 a kan tebur. Ko da aka duba ta, ba a karanta lambar a rediyon 'yan sanda nan take ba, ba a ba gidajen rediyo da talabijin su sanar wa jama'a ba, ba a kafa shinge a hanyoyin fita daga birni ba. Sanarwar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya ba ta fita ba sai ƙarfe 4:43, kuma yawancin rundunonin 'yan sanda ba su ma lura da shigowarta ba. Jirgi mai saukar ungulu ɗaya tak 'yan sanda ke da shi, matuƙansa kuwa suna hutu.

Haka mutumin ya tuƙa kimanin kilomita 40 zuwa bakin tafkin Tyrifjorden ba wanda ya tsayar da shi. A tsibirin Utøya mutum 564 ne ke taron shekara na ƙungiyar matasan Leba, AUF, yawancinsu 'yan makaranta. Sun ji labarin bam, suna ta kiran gida, shugabanninsu na kwantar musu da hankali cewa nan ya fi ko'ina aminci. Breivik ya ce da masu kula da wurin an turo shi ne ya duba tsaro, suka ɗauke shi a jirgin ruwan ƙungiyar. Ya fara harbi wajen ƙarfe 5:20, bai daina ba sai bayan sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Ya riƙa kiran yaran su fito daga maɓoya, yana cewa shi ɗan sanda ne ya zo taimako. Mutum 69 suka rasu a can, mafi ƙanƙantarsu 'yan shekara 14. Daga baya ya faɗa wa kotu cewa ya so ya tarar da tsohuwar firaminista Gro Harlem Brundtland, wadda ta yi jawabi a tsibirin a ranar ta tafi kafin ya iso.

Rundunar musamman ta 'yan sanda ta taho daga Oslo a mota. Maimakon ta taru a mashigin da ke fuskantar tsibirin, wanda bai kai kilomita ɗaya ba, sai rashin fahimtar juna ya kai ta wani mashigi mai nisan sama da kilomita 3. Jami'ai suka cika kwalekwalen roba fiye da ƙima, ruwa ya shiga, inji ya mutu a tsakiyar tafki, sai jiragen fararen hula ne suka ƙarasa da su. Kafin nan mazauna bakin tafkin da masu yawon hutu sun yi ta shiga ruwa da ƙananan jiragensu, ana harbi, suna tsamo yaran da suka faɗa ruwan sanyi. Mutanen da ba aikinsu ba ne su suka ceci rayuka da yawa a wannan yammacin. Da 'yan sanda suka iso, maharin ya ajiye bindiga ya ɗaga hannu. Jimillar mamata a wuraren biyu 77, hari mafi muni da ƙasar ta gani tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Duniya ta yaba da yadda 'yan Norwe suka ɗauki abin, kuma yabon na kan hanya. Kwana biyu bayan harin, a babbar majami'ar Oslo, Stoltenberg ya ce amsar ƙasarsa ita ce ƙarin dimokuraɗiyya da ƙarin buɗe ƙofa, ba tare da sakarci ba. Ranar 25 ga Yuli kimanin mutum 200,000 suka taru a gaban zauren birnin, kowa riƙe da fure. Jana'iza ta farko ta wata yarinya ce 'yar shekara 18, Bakurdiya, wadda iyayenta suka yi hijira daga Iraƙi. Limami da fasto ne suka jagoranci gawarta kafaɗa da kafaɗa.

Amma furanni ba sa amsa tambayar iyaye, wato ta yaya mutum ɗaya ya yi sa'a uku yana kisa a ƙasar da ke da kuɗi da doka da tsari? A watan Agusta gwamnati ta naɗa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin wata lauya, Alexandra Bech Gjørv, ta buɗe masa kundin 'yan sanda da na leƙen asiri da na ofishin firaminista. Ranar 13 ga Agusta 2012 kwamitin ya fitar da rahoto mai shafi kusan 500, kuma a ranar duk mai so ya karanta shi. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce da an aiwatar da matakan tsaron da aka riga aka amince da su, da an hana harin unguwar gwamnati. Ya ce da an tsayar da maharin tun da wuri a ranar, kuma da 'yan sanda sun isa tsibirin da sauri fiye da haka. Ya bi labarin Grubbegata shekara bayan shekara, ofishi bayan ofishi, ya bi na 'yar takardar nan minti bayan minti. A ƙarshe ya ce matsalar ba ta rashin kuɗi ko rashin doka ba ce. Shugabanci ne ya yi rauni, da ɗabi'ar aiki, da iya aiwatar da abin da aka yanke.

Wannan hukunci ne mai nauyi, kuma ya fi sauran darussan ranar amfani ga kowace ƙasa, domin yana cire uzurin da kowace gwamnati ke fakewa da shi, cewa ba wanda zai iya hango irin wannan. An hango shi, an rubuta, har da sunan titin. Kwana uku bayan rahoton shugaban 'yan sandan ƙasa, Øystein Mæland, ya ajiye aiki. Jaridar VG ta nemi firaminista ma ya sauka. Bai sauka ba, amma ranar 28 ga Agusta ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ɗauki alhaki, ya nemi gafara a kan kurakuran da aka lissafa.

Ɗan Najeriya da ya rayu a daminar 2011 ba ya buƙatar a yi masa bayanin bam a mota. Mako biyar kafin Oslo, ranar 16 ga Yuni, mota ta tarwatse a harabar hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja. Mako biyar bayan Oslo, ranar Juma'a 26 ga Agusta, wata motar ta kutsa ta ƙofofin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, ta kashe sama da mutum 20, cikinsu har da wata matashiya 'yar Norwe da ke aiki a ginin. Boko Haram ce ta ɗauki alhakin duka biyun. Aƙidar maharan Abuja da ta maharin Oslo kishiyoyin juna ne a baki, amma hanyar ɗaya ce, kuma kowane ɓangare ya yarda cewa jinin ma'aikacin ofis da na mai wucewa halal ne idan saƙo zai isa ga masu mulki. Inda ƙasashen biyu suka sha bamban shi ne abin da aka yi da binciken. A Najeriya kafa kwamiti ba ya wuya, fitar da rahotonsa ne aiki. Kwamitin Mai Shari'a Oputa ya miƙa nasa rahoton a 2002, kuma gwamnati ba ta taɓa buga shi a hukumance ba.

Shari'ar Breivik ta fara ranar 16 ga Afrilu 2012 a kotun gundumar Oslo, ta ɗauki mako goma. Lauyansa, Geir Lippestad, shi kansa ɗan jam'iyyar Leba ne, kuma ya karɓi aikin ne bisa hujjar cewa doka ta ba kowa haƙƙin a kare shi. A rana ta biyu aka cire ɗaya daga cikin alƙalan da aka zaɓo daga jama'a, saboda an gano ya taɓa rubutawa a intanet cewa kisa ne kaɗai ya dace da wanda ake tuhuma. An karanta sakamakon binciken gawar kowane mamaci ɗaya bayan ɗaya, tare da hotonsa da taƙaitaccen tarihinsa, don kada wani ya zama lamba kawai. Sau ɗaya zauren ya hargitse, ranar da ɗan'uwan wani mamaci ɗan asalin Iraƙi ya cire takalmi ya jefi wanda ake tuhuma.

Ba a yi gardama a kan ko shi ya aikata ba, shi da kansa ya amsa. Gardamar a kan hankalinsa aka yi. Likitocin ƙwaƙwalwa biyu na farko sun ce yana da taɓin hankali mai tsanani, wanda ke nufin asibiti zai tafi maimakon kurkuku. Jama'a suka yi ca, kotu ta naɗa wasu likitocin biyu, su kuma suka ce da hankalinsa. Sai aka ga abin da ba a saba gani ba: masu gabatar da ƙara na roƙon a ce mahaukaci ne, wanda ake tuhuma na roƙon a ce lafiyarsa lau, domin yana tsoron a watsar da aƙidarsa a matsayin sambatu.

Maganar ta wuce shi. Musulmin Turai da yawa sun lura cewa idan mai suna Ahmad ya tada bam, nan take ake tambayar wane malami ya karantar da shi, wane masallaci yake zuwa, wane littafi ya karanta. Idan kuma fari ne, sai a nemi likita. Kiran Breivik mahaukaci zai wanke duk waɗanda suka yi shekaru suna rubuta kalaman da ya kwafa. Ranar 24 ga Agusta 2012 alƙalai biyar ƙarƙashin Mai Shari'a Wenche Elizabeth Arntzen suka yanke, baki ɗaya, cewa da hankalinsa ya aikata, kuma ta'addanci ne na siyasa. Aka ba shi hukunci mafi tsanani a dokar ƙasar a lokacin, ɗaurin shekara 21, irin wanda kotu ke iya ƙarawa shekara biyar-biyar muddin ana ganin yana da haɗari. Norwe ba ta da hukuncin kisa. Waɗanda suka ji "shekara 21" suka raba da 77 suka fusata ba su lura da wannan sharaɗin ba, wanda zai iya riƙe shi har mutuwa. Ya kai gwamnati ƙara a kan keɓe shi da aka yi a kurkuku, ya yi nasara a wani ɓangare a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2017. Ya nemi a sake shi bisa sharaɗi a 2022, kotu ta ƙi.

Unguwar gwamnati ta daɗe a kufai. Ma'aikatu suka watsu cikin gine-ginen haya a faɗin birni, aka yi shekaru ana muhawara ko a rushe Høyblokka ko a gyara. Aka bar shi tsaye. A 2015 aka buɗe cibiyar tunawa a ƙasansa, inda aka ajiye ragowar ƙarafan motar yadda bam ya murɗe su. Ginin da ke gefensa, mai ɗauke da zanen Pablo Picasso a bango, an rushe shi a 2020 duk da zanga-zangar masu son a bar shi, bayan an yanke bangon zanen an adana. A Utøya matasan AUF sun koma taronsu a 2015. Sun gina sabon zaure a kan ɓangaren tsohon ɗakin cin abinci inda aka kashe mutane, rufinsa na kan ginshiƙai 69, an kewaye shi da sanduna 495, adadin waɗanda suka tsira.

Kundin nan kuwa bai mutu ba. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a ƙasar New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya ambaci Breivik cikin waɗanda ya koya daga gare su. Wata biyar bayan haka, ranar 10 ga Agusta, jajibirin Babbar Sallah, wani saurayi ɗan Norwe ya kashe ƙanwarsa ta riƙo wadda aka ɗauko daga Sin, sannan ya kutsa masallacin Al-Noor da ke Bærum, a gefen Oslo, ɗauke da bindigogi. Mutum uku kawai ya tarar. Wani dattijo ɗan shekara 65, ɗan asalin Pakistan, ya rungume shi ya kayar, ya danne shi har taimako ya iso.

Lokacin da aka cika shekara goma da harin, a 2021, waɗanda suka tsira daga Utøya sun fara faɗin abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Shugabar AUF a lokacin, Astrid Hoem, wadda ta ɓuya a gindin dutse a ranar tana 'yar shekara 16, ta ce ƙasar ta yi maganar ƙauna da haɗin kai da gazawar 'yan sanda, amma ta kauce wa maganar aƙidar da ta jawo kisan, don gudun a ce jam'iyyar Leba na cin ribar siyasa da gawar 'ya'yanta. Binciken da wata cibiyar nazarin tashin hankali ta ƙasar ta yi ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira sun samu saƙonnin ƙiyayya ko barazana, wasu har ana ce musu da ma maharin ya gama da su. A watan Oktoba na 2021 Leba ta dawo mulki ƙarƙashin Jonas Gahr Støre, kuma biyu daga cikin ministocinsa, Tonje Brenna a ma'aikatar ilimi da Jan Christian Vestre a ta kasuwanci da masana'antu, suna cikin matasan da suka fita da rai daga tsibirin.